VPN da Neman Adireshi a Intanet na Tauraron Ɗan'adam: Inda Yake Taimako da Inda Yake Ɓarna

Duk wanda ya taɓa aiki da intanet na faranti, irin wanda ake kira VSAT, ya san wannan hali. A gwada gudu a ga megabit 15 ko 20, a sauke babban fayil ya taho lafiya lau, amma da an danna shafin da ba a buɗe ba tun safe sai allo ya tsaya fari fat sakan uku ko huɗu, wani lokaci har burauza ta ce ba ta ga shafin ba. A sake dannawa, ya buɗe. Sau da yawa faɗin layi bai gaza ba, na'urar ce ta tsaya jiran a faɗa mata adireshin lamba na sunan da aka rubuta, wato aikin da tsarin DNS yake yi.

Shawarar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce a saka VPN, wato tsarin da ke tura bayananka a kulle ta cikin "bututu" zuwa wata saba (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) kafin su ƙarasa inda za su. Tun da aka rufe Twitter a Najeriya a watan Yunin 2021, jama'a da dama suka ɗauki VPN a matsayin maganin kowace cutar intanet. Akwai gaskiya a shawarar, amma tana da sharaɗi mai tsauri. VPN ba ya rage ko kilomita ɗaya daga nisan tauraro. Abin da zai iya yi shi ne ya taimaka a rage yawan sawun da tambaya ɗaya take yi zuwa sama, ya kuma hana wani tsoma mata hannu a hanya. Idan kuwa aka tura komai da komai ta cikinsa, za a gyara neman adireshi a gurgunta sauran aikin.

Lissafin da ba ya canzawa

Taurarin da ke tsayawa daidai wuri ɗaya a sama, irin su NigComSat-1R da aka harba a Disambar 2011, da na Yahsat da Eutelsat, suna kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Tambaya tana tashi daga faranti zuwa tauraro, ta sauko tashar ƙasa ta kamfani, amsa ta hau ta sake saukowa. Tafiya huɗu ke nan, sama da kilomita 143,000, kuma ko da gudun haske sai ta ci milisakan 477. A haɗa da aikin modem da layin jira, abin da ake gani a zahiri milisakan 550 zuwa 700 ne. Mu ɗauki 600 a matsayin sawu ɗaya. A tsare-tsare da yawa, idan faranti ya ɗan yi shiru sai ya fara roƙon tashar ƙasa ta ba shi gurbin aikawa, don haka fakitin farko bayan hutu yakan fi sauran jinkiri.

Buɗe shafi mai kulle na HTTPS daga farko yana buƙatar sawu ɗaya na DNS, ɗaya na musabahar TCP (gaisuwar buɗe haɗi), ɗaya na musabahar TLS 1.3 (yarjejeniyar kulle haɗin), ɗaya kuma na neman shafin kansa. Sakan 2.4 kafin harafin farko ya iso. Shafin kuma yana zuwa da sunayen wasu sabobin, na hotuna da rubutun manhaja da talla, wasu ma ba a sanin da su sai an sauke na gabansu. Kowane sabon suna sabon jira ne.

Wannan idan DNS ya ƙare a sawu ɗaya ke nan. Saba mai nemo adireshi ba ta san komai da ka ba. Takan tambayi sabobin tushe, su nuna mata masu riƙe da .com ko .ng, waɗannan su nuna mata sabar mai sunan, ita kuma ta ce ainihin sunan yana hannun wani kamfanin rarraba shafuka, sai a koma bin wani zaren daga farko. A cibiyar data kowane mataki milisakan 5 zuwa 40 ne, ba wanda zai lura. Amma idan wannan saba tana ofis a bayan faranti, kowane mataki sawu ne cikakke: matakai shida sun zama sakan 3.6. Idan an kunna tantance sa-hannun DNSSEC, mai tabbatar da cewa amsa ba jabu ba ce, neman makullai ya ƙara wasu. Kuskuren da ya fi yawa a wurin masu ƙwazo ke nan: su girka manhajar nemo adireshi irin Unbound ko BIND a ofis, su bar ta tana bin zare da kanta, su yi mamakin abin ya ƙara lalacewa.

Akwai kuma agogon haƙuri. Unbound tana jiran sabar da ba ta saba da ita ba milisakan 376 kacal kafin ta ɗauka tambaya ta ɓata ta sake aikawa. A layin da amsa ba za ta iya dawowa ƙasa da 600 ba, duk tambayar farko sai an maimaita ta. Windows tana jira kimanin sakan ɗaya kafin ta sake tambaya, Linux kuwa bisa asali sakan biyar, shi ya sa fakiti ɗaya da ruwan sama ya cinye yake zama dogon tsaiko.

Abin da bututun VPN ke kawowa

Me ya sa ba za a nuna wa rauta sabobin DNS na jama'a irin 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 kawai a huta ba? A wurare da yawa hakan ya wadatar, kuma shi ya kamata a fara gwadawa. Waɗannan sabobi suna ƙasa, suna da ɗimbin amsoshi a ajiye, suna amsawa a sawu ɗaya. VPN yana shigowa ne inda wannan ya kasa.

Wasu kamfanoni da wasu modem suna kama duk tambayar da ta bi ƙofa ta 53, wato ƙofar DNS, su amsa da sabarsu, ko wa aka aika wa. Idan sabar tasu ta cika ko tana ba da amsar da ta tsufa, canza lamba a rauta ba zai yi komai ba. Gane hakan abu ne mai sauƙi: a aika tambaya zuwa adireshin da babu kowa a cikinsa, misali da dig, umarnin gwada DNS: dig @192.0.2.1 wikipedia.org. Wannan rukunin lambobi an keɓe shi don rubuta misalai ne kawai. Idan amsa ta dawo, wani ne a hanya ya amsa.

Sai batun sirri, kuma ba ƙarami ba ne. Abin da tauraro ya sauko da shi yana sauka ne a kan yanki mai faɗin gaske, ba a kan farantinka kaɗai ba. A 2020 James Pavur na Jami'ar Oxford ya nuna yadda da kayan kallon talabijin na kimanin dala 300 ake iya sauraren bayanan masu intanet na tauraro da ba a kulle ba. DNS na gargajiya a fili yake tafiya. Asibiti ko ƙungiyar agaji da ke aiki a yankin da babu tsaro ba za ta so a san sabobin da take hulɗa da su ba.

Ana iya kulle DNS ba tare da VPN ba, ta hanyar DoT a ƙofa ta 853 ko DoH a cikin HTTPS. Matsalarsu a nan ita ce a kan TCP suke tafiya. Duk lokacin da haɗin ya mutu saboda zaman banza, tambaya ta gaba sai ta biya musabahar TCP da ta TLS kafin ita kanta: sawu uku, ko biyu idan modem ya ɗauke na farkon, kamar yadda za mu gani a gaba. Manhajar VPN ta WireGuard kuwa a kan UDP take, hanyar da ba ta buƙatar buɗe haɗi irin na TCP. Shi WireGuard musabaharsa sawu ɗaya ce, yana sabunta ta duk minti biyu ba tare da ya tsayar da aiki ba matuƙar bututun yana raye. Tambayar DNS tana shiga a kulle ta fita a sawu ɗaya, daidai da wadda ba a kulle ba, da ƙarin bayit 60 kawai. A ganinmu wannan ce hujja mafi ƙarfi ta amfani da VPN a wannan aiki.

Bututun yana kuma ba ka damar mallakar saba mai nemo adireshi a ƙasa ba tare da ka buɗe ta ga duniya ba. Sabar DNS da aka bari a buɗe, masu kai hari kan gano ta su riƙa amfani da ita wajen ambaliya wa wasu fakiti. Ta cikin bututu, mai makulli ne kaɗai zai iya yi mata magana. Ofishin da ke da sunayen cikin gida a hedikwata ma ta nan zai same su.

Dalilin da ya sa ba a tura komai ta ciki

TCP ba a gina shi don jiran milisakan 600 ba. Yana farawa a hankali, yana ƙara gudu ne duk lokacin da shaidar isar saƙo ta dawo. Da taga mai bayit 65,535 da sawun 600, haɗi ɗaya ba zai wuce kilobit 874 a sakan ba, ko da an sayi megabit 20. Domin cike layin megabit 20 sai an sami kimanin megabayit 1.5 yana shawagi a hanya a kowane lokaci. Na'urorin zamani suna iya faɗaɗa tagarsu, amma kaiwa can yana cin sawu da yawa, fakiti ɗaya kuma ya ɓata a ja baya.

Kamfanonin tauraro sun magance wannan da wakili mai hanzarta TCP, wanda ake taƙaita sunansa PEP, ɗaya a modem ɗaya a tashar ƙasa. Modem yana amsa wa kwamfutarka nan take kamar shi ne sabar, ya ɗauki bayanan ta hanyar da ta dace da tauraro, ɗan'uwansa na ƙasa ya ƙarasa. Sharaɗin aikinsa shi ne ya ga kan fakitin TCP. VPN yana rufe wannan kan ruf. Da zarar an kunna cikakken VPN, wakilin ya makance, kowane haɗi ya koma fama da 600 shi kaɗai. Shi ya sa mai manhajar VPN ta waya zai ce shafuka sun daina cewa "ba a same shi ba", amma sauke fayil ya koma tafiyar hawainiya. Idan manhajar OpenVPN ce a kan TCP, abin ya fi muni: TCP na ciki da na waje duk suna sake aika abu ɗaya, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa cunkoso.

Saboda haka bututun ya ɗauki DNS kaɗai. Sauran zirga-zirga ta bi hanyarta ta asali inda wakilin zai gan ta. Wanda dole ne ya kulle komai yana buƙatar tsarin da ke yanke TCP kafin kullewa, irin gwajin QPEP da Pavur da abokan aikinsa suka fitar, ko na'urorin hanzartawa na kasuwanci. Wannan wani aiki ne daban.

Yadda ake haɗa shi

Kayan aiki uku ne: ƙaramar sabar haya a cibiyar data, wadda gigabayit 1 na ƙwaƙwalwa ya ishe ta, na'ura a ofis da za ta riƙe ma'ajiyar amsoshi, kamar Raspberry Pi ko rauta mai OpenWrt, sai WireGuard tsakaninsu. Rautocin MikroTik masu RouterOS 7 suna da WireGuard a ciki, ana iya ɗora bututun a kansu a bar ma'ajiyar a kan wata na'ura.

A sabar haya, a ba bututun adireshi kamar 10.66.0.1, a girka Unbound ta saurara a wannan adireshin kaɗai, da interface: 10.66.0.1 da access-control: 10.66.0.0/24 allow. A nan ne za a yi duk bin zare da tantance DNSSEC, tunda a nan matakai ba su da tsada. A rufe duk ƙofofi ban da UDP 51820 da ƙofar da mai kula yake shiga.

A ɓangaren ofis layuka uku ne ke da muhimmanci. Na farko AllowedIPs = 10.66.0.1/32, wanda shi ne ke tabbatar da cewa abin da aka nufa da sabar DNS ne kaɗai zai shiga bututu. Idan aka kwafo misalin da ke da 0.0.0.0/0 an tura komai ke nan. Na biyu PersistentKeepalive = 25. Yawancin masu intanet na tauraro suna bayan NAT na kamfani, ba su da adireshin kansu, don haka daga ofis ne bututun zai fara, kuma idan ya yi shiru kamfani zai manta da hanyarsa. Wannan bugun na duk sakan 25, haɗe da sabunta musabaha, bai kai rabin megabayit a yini ba. Na uku Endpoint, a rubuta shi da lamba, kada a sa suna. Za mu dawo kan dalilin. Kuma kada a sa layin DNS = a fayil ɗin wannan na'ura, domin zai sa ta tsallake ma'ajiyarta ta riƙa hawa sama da kowace tambaya.

Yanzu ga inda ainihin ribar take. Wanda rijiyarsa ke da nisa ba ya zuwa da moɗa duk lokacin da ya ji ƙishi, randa yake cikawa. Unbound ta ofis ita ce randar, ga abin da za a rubuta mata:

module-config: "iterator"
prefetch: yes
serve-expired: yes
serve-expired-ttl: 86400
serve-expired-client-timeout: 0
cache-min-ttl: 60
msg-cache-size: 32m
rrset-cache-size: 64m
unknown-server-time-limit: 1128
infra-cache-min-rtt: 1000
edns-buffer-size: 1232

Sai a ƙara forward-zone mai suna "." da forward-addr: 10.66.0.1.

Layin farko yana cire tantance sa-hannu daga ofis. An riga an yi shi a sabar haya, bututun kuma ya kare amsar a hanya, maimaita shi sawu ne na banza. Prefetch yana sa idan aka nemi suna a kashi 10 cikin 100 na ƙarshen wa'adinsa, wato lokacin da aka yarda a ajiye amsarsa, a sabunta shi a bayan fage. Amma serve-expired ne ke canza yadda mutum yake jin layin. Manyan shafuka da yawa suna ba amsarsu wa'adin sakan 20 zuwa 300 kawai, don haka ma'ajiya ta gargajiya kusan kullum tana iske amsa ta mutu. Da wannan saiti, Unbound za ta miƙa tsohuwar amsar nan take, ta aika neman sabuwa a lokaci guda. Mai nema ya samu cikin milisakan ɗaya ko biyu maimakon 600.

A lura da sifilin nan. Ƙa'idar RFC 8767 ta 2020 ta ba da shawarar a jira sakan 1.8 kafin a miƙa tsohuwar amsa, kuma a layin ƙasa hakan daidai ne. A kan tauraro kuwa sabuwar amsa za ta iso a 600, kafin 1,800 ta cika, ma'ana kowa zai biya cikakken sawu kamar ba a kunna komai ba. Fitowar Unbound daban-daban ba su zo da lamba ɗaya a wannan wuri ba, don haka a rubuta ta da hannu. Lambar 1128 kuwa takardun Unbound da kansu ne suka ambace ta ga masu layin tauraro.

Wasu suna ɗaga cache-min-ttl zuwa sa'a ɗaya ko fiye. Ba mu goyon baya. Kamfanoni suna gajarta wa'adi ne don su iya kauce wa sabar da ta faɗi, kuma wanda ya tilasta sa'a ɗaya zai ci gaba da buga ƙofar matacciyar saba tsawon sa'a ɗaya. Da serve-expired, kuskuren nema ɗaya ne, na gaba ya sami gyara. Masu amfani da dnsmasq, wata manhajar ajiye amsoshin DNS, su sani ma'ajiyarta ta asali sunaye 150 ce kawai, a ɗaga cache-size zuwa 10,000, a kuma kunna use-stale-cache idan fitowar ta kai 2.88.

Ina za a ajiye sabar haya?

Ofis a Agadez ko Maiduguri zai ga kamar Legas ce mafi kusa. Taswira ba ta da amfani a nan. Abin lura shi ne inda bayananka ke taɓa ƙasa, kuma tashoshin ƙasa na taurari da yawa masu hidima ga Afirka suna Turai ne ko Gabas ta Tsakiya. Idan tasharka tana Turai ka ajiye saba a Legas, kowace tambaya za ta sauka Turai, ta bi igiyar ƙarƙashin teku zuwa Legas ta koma, ƙarin kimanin milisakan 100.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Kamfanonin rarraba shafuka irin su Akamai suna duba inda mai tambayar DNS yake su ba shi sabarsu mafi kusa da shi. Sabarka ta Legas za ta karɓo adireshin Legas, kwamfutarka kuma ta je masa ta Turai, a kowane haɗi, ba sau ɗaya ba. Masu amfani da adireshi ɗaya a ko'ina, kamar Cloudflare, wannan bai shafe su ba, amma sauran ya shafe su. Kafin a biya kuɗin haya a yi traceroute, umarnin da ke nuna hanyar da fakiti ke bi, a duba matakan da ke biyo bayan babban tsallen 600, a kuma duba garin da adireshinka na waje yake. A ɗauki saba a wannan gari ko maƙwabcinsa. Bayan an haɗa, dig +short whoami.akamai.net zai nuna adireshin da duniya ke gani yana yi maka tambaya, kuma ya kamata ya zama na sabar hayar.

Abubuwan da ke lalacewa

Mafi cin rai shi ne na bayan ɗauke wuta. WireGuard yana sa hatimin lokaci a musabaharsa, saba kuma ba ta karɓar hatimin da ya gaza wanda ta gani a baya. Yawancin ƙananan rautoci da tsofaffin Raspberry Pi ba su da batirin agogo, idan suka tashi sai su koma wani lokaci da ya wuce. Saba ta ƙi musabaha. Na'urar tana son gyara agogo daga sabar lokaci, amma sunan sabar lokacin sai an nemo shi ta DNS, DNS kuma yana cikin bututun da ya ƙi tashi. Kowa na jiran ɗan'uwansa, ofis ya zauna babu intanet alhali modem yana nuna komai lafiya. Maganin shi ne a rubuta aƙalla sabar lokaci ɗaya da lamba, ko a sa ƙaramin agogo mai batiri irin DS3231. Dalilin rubuta Endpoint da lamba ma ke nan. Ɗauke wuta yana kuma share ma'ajiyar gaba ɗaya, don haka a inda ake sauya layi tsakanin janareta da sola sau da yawa a yini, ƙaramin batiri na rauta da ma'ajiya ya fi kowane saiti amfani. Ana kuma iya adana ta lokaci-lokaci da unbound-control dump_cache a dawo da ita da load_cache.

Idan sabar haya ta faɗi fa? Dabarar da ke fara zuwa zuciya ita ce a ƙara sabar kamfani a matsayin forward-addr ta biyu. Unbound ba ta ɗaukar jerin a matsayin na farko da na ko-ta-kwana. Tana rarraba tambayoyi tsakanin duk sabobin da saurinsu ya yi kusa, cikin tazarar milisakan 400, don haka wani kaso zai riƙa fita a fili kullum. Gara a rubuta ɗan umarni da ke duba wg show duk minti ɗaya: idan musabaha ta ƙarshe ta wuce sakan 180, ya juya Unbound zuwa sabar waje da unbound-control forward, ya dawo da ita idan bututu ya farfaɗo. Ko a yi hayar saba ta biyu a wata cibiyar, kowacce da bututunta.

Girman fakiti ma yana ɓoye matsala. Amsa mai bayit 1,232, da kanta na UDP da IP, ta zama 1,260, tana shiga bututun WireGuard mai 1,420 ba tare da an gutsura ta ba. Idan layin kamfani bai kai 1,500 ba, manyan fakiti za su riƙa ɓacewa shiru: yawancin sunaye su yi aiki, wasu ƙalilan su ƙi. A gwada da ping -M do -s 1472 ana rage lambar har ta wuce. In ana shakka a sa MTU na bututun, wato iyakar girman fakitinsa, 1,280. Amsar da ta fi ƙarfin UDP tana tilasta komawa TCP, sawu uku ke nan a cikin bututu inda babu wakili mai hanzartawa. Ba ta cika faruwa ba.

Sai na'urorin da ke tsallake ma'ajiyar. Wayoyin Android tun fitowa ta 9 suna da saitin DNS mai sirri, wanda idan an rubuta masa sunan wata saba zai riƙa fita kai tsaye ta ƙofa ta 853. Firefox da Chrome suna iya yin nasu DoH. Wasu akwatunan talabijin an dasa musu 8.8.8.8 a ciki. Duk waɗannan suna biyan cikakken sawu, wani lokaci uku. A rauta a juya duk abin da ya nufi ƙofa ta 53 zuwa ma'ajiyar ofis, ban da na ma'ajiyar kanta. Ga Firefox, idan ma'ajiya ta amsa cewa babu sunan use-application-dns.net, ba za ta kunna DoH da kanta ba, sai dai in mutum ne ya kunna da hannunsa. Masu waya kuwa sai an yi musu bayani, domin toshe 853 ga wanda ya rubuta sunan saba yana yanke masa intanet ne ɗungurungum.

A lokacin damina, musamman ga farantan da ke aiki a zangon sigina da ake kira Ka, hadari mai ƙarfi yana raunana sigina. WireGuard ba ya sake aika fakitin da ya ɓata, wannan aikin Unbound ne, shi ya sa agogon jiranta yake da muhimmanci: ya yi gajere ta cika layin aikawa mai ƙunci da maimaici, ya yi tsawo mutane su gaji da jira. Milisakan 1,000 zuwa 1,200 ya dace da sawun 600.

Starlink fa?

Starlink ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, taurarinta kuma ba su kai nisan kilomita 600 ba, don haka sawu ɗaya gomman milisakan ne ga wanda bayanansa ke fita ta Legas. A irin wannan layi yawancin lissafin da ke sama ya sassauta. Cikakken VPN ba ya gurgunta shi kamar na VSAT, sabar DNS ta jama'a kuma tana amsawa da sauri. Bututu don DNS kaɗai ba zai ƙara gudun da za a ji ba, yana ma iya ragewa idan sabar haya ta yi nisa da mafitar. Sirri ko sunayen cikin gida ne kawai za su sa a gina shi. Ma'ajiya mai miƙa tsohuwar amsa kuwa tana da amfani har a nan, saboda gajerun yankewar da bishiya ko gini ke jawowa idan sun tare wa faranti sama. A cire lambobin 1128 da 1000, ba na wannan layi ba ne. Taurarin O3b da ke kusan kilomita 8,000 suna tsakani, da sawun kimanin 150.

Ko wane layi ne, a auna kafin a sayi komai. A zaɓi sunaye 20 da ofis ba ya yawan nema, a tambayi kowanne ta modem, ta 1.1.1.1, sannan ta 10.66.0.1 idan an gina bututun, a rubuta lambar Query time da dig ke nunawa. Modem da yawa suna da ma'ajiyar DNS a cikinsu, kuma idan ta modem tana dawowa a 620 zuwa 700 ba tare da ɓata ba, sabar kamfani lafiyarta ƙalau, ma'ajiyar ofis da aka nuna wa modem ta wadatar, babu buƙatar VPN. Idan ana ganin 1,500 ko 3,000 ko shiru, alhali ta bututu tana tsaye a kusa da 650, an sami hujja. Bayan mako ɗaya ana aiki, unbound-control stats_noreset zai nuna total.num.cachehits da total.num.cachemiss. Idan na biyun ya ƙi raguwa, a duba ko ma'ajiyar tana gogewa da ɗauke wuta. Idan jimillar tambayoyin ta yi kaɗan ga yawan ma'aikata, akwai na'urorin da ke bi ta bayan gida, kuma tcpdump a kan ƙofa ta 53 da ta 853 a bakin modem zai nuna adireshinsu.